Mun Kai Ido Damagaram, Aka Ce Jini Ne

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A makarantar firamaren da nake koyarwa a nan Kibiya, da an fita tara malamai mata za su kewaye ni a gindin darbejiya. A gidan suna ma haka. Yaya ƙasar take? Me suke ci? Gaskiya ne kilishinsu ya fi namu? Wata har cewa ta yi na ƙara haske, wai iskar waje ta karɓe ni. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Amma ku sani tun yanzu, ba shaƙatawa na je ba, kuma har yau raina a ɓace yake.

Bilkisu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce autarmu, ba ta kai shekara talatin ba. Tana aure a Lausu ta ƙasar Rano. Mijinta Nura manomi ne, da rani yana taɓa cinikin albasa. Ita kuwa ɗinkin hula take yi, kuma hannunta yana da kyau, dillalai har gida suke bin ta. Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. Ta yi ɓari sau uku, kowanne sai cikin ya fara fitowa.

Wata safiya ta ɗauki allura za ta zura zare, ta kasa. Ta rufe idon dama da tafin hannu, sai ta ga ɗakin kamar an cika shi da hayaƙin ɗanyen itace. Idon hagu ya dushe. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, babu ja. In ka kalle shi fari ne tas, kamar ɗan'uwansa.

Zangonmu na farko wani kemis ne a cikin garin Rano, inda suka saba sayen magani. Mai kemis ɗin ko daga kan kujera bai tashi ba.

"Yarinya kamarki me zai sami idonki?" in ji shi. "Zaren hula ne ya gajiyar da shi. Ɗiga wannan safe da yamma."

Ta ɗiga har kwalba ta ƙare, aka sayo wata. Tsofaffin unguwa kuwa tuni sun yanke nasu hukuncin, wai jifa ne, saboda hularta ta fi ta kowa shiga kasuwa. Aka turara mata saiwoyi har ta riƙa tari. Makonni suka wuce a haka. Da na je duba ta, na tarar ta zuba shayi rabi a kofi rabi a tabarma, sai na ce wa Nura mu tafi Kano.

Muka bi ta Bunkure muka shiga birni, muka je wani babban asibiti. Mun yi layi tun hantsi har rana ta take. Da muka iso taga, mutumin da ke ba da ranar ganin likita ya tambaye ni ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ja yake?"

Na ce a'a.

"Yana zafi?"

Na ce a'a, amma ganin ya tafi ne farat ɗaya, kwana ta yi lafiya ta tashi haka.

"To ba na gaggawa ba ne, Hajiya."

Ya ba mu rana a bayan babbar salla, alhali ko azumi ba a fara ba. Na tsaya zan yi magana, na baya suka fara tura ni.

A daren da muka koma gida Gwaggo Atika ta kira. Ƙanwar mahaifinmu ce, an kai ta aure Damagaram tun kafin a haife ni. Ta ce akwai wata likitar ido a garinsu da kowa ke yabo, mu kawo yarinya kawai. Maigidana ya ba ni izini, na nemi hutu a makaranta, muka kama hanya mu uku: ni, Bilkisu da Nura.

Daga Kano ƙaramar mota muka shiga, aka cusa mu mu huɗu a kujerar baya, gwiwa a ƙirji, buhun wani ɗan kasuwa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ta huɗun wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, mai faɗin jiki da faɗin baki. Kafin mu kai Kazaure ta gama jin labarinmu, kafin mu kai Daura ta gama warkar da Bilkisu sau uku. Ta ce a ɗiga zuma farar saƙa. Ta ce a samu nonon mai jego. Ta ce akwai wani tozali da ake haɗawa da abin da ba ta faɗa a gaban maza. Wani dattijo a gaba ya juyo ya ce duk ba haka ba ne, yanar ido ce, wanzamin garinsu yana kwantar da ita da tsinke. Direba ma ya sa baki. Mota guda kowa likita, ba wanda ya ce bai sani ba. Bilkisu dai ta jingina kai da gilashi. Can ta raɗa mini, "Yaya, ƙafata tana yi mini nauyi." Na ce zama ne, ta daure.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka sauke mu duka. Wani mai kaki ya karɓi katunanmu na shaida yana jujjuyawa, ya tambayi abin da zai kai mu. Nura ya ce asibiti.

"Daga ina?"

"Daga Kano."

Mutumin ya kira abokin aikinsa yana dariya. "Zo ka ji. Daga Kano za su Damagaram neman likita. Malam, mu nan kullum mutanen can muke gani suna wucewa Kano da marasa lafiyarsu. Ku kuma kun juyo?"

Nura ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce, "Ranka ya daɗe, da an duba ta a gida, da ba ka gan mu ba." Ya daina dariyar, ya miƙo katunan.

A ɗaya ɓangaren jandarmomi ne, wato jami'an tsaron Nijar. Da junansu Faransanci suke yi, in sun juyo gare mu sai Hausa tsantsa, har ta fi tawa. Suka nemi katin rigakafi. Nawa da na Bilkisu suna jakar hannuna, na Nura kuwa yana cikin jakar da aka ɗaure a bayan mota, can ƙarƙashin atamfofin Hajiya. Sai da aka kwance igiya aka sauke kaya duka a cikin rana. Hajiyar da ta yini tana yi mana magani ta koma zagin mutanen ƙauye da ba su san tafiya ba. Da za mu koma mota, takalmin Bilkisu ya ƙi shiga ƙafar hagu. A hannu ta riƙe shi har Damagaram.

Daga Matamaye hanya ta miƙe, motoci kaɗan, amalanken shanu da jakuna sun fi yawa. Mun shiga gari gab da magariba.

Gwaggo Atika ta tsufa, amma muryarta tana nan. Ta rungume Bilkisu tana kuka, tana kiran sunan mahaifinmu. Hausarta ta juye: likita ya zama lokotoro, makaranta ta zama lakwal, in ta ƙirga abu sai na nemi a fassara mini. A tsakar gida aka yi mana shimfiɗa, kowa da gidan sauronsa, don ɗakunan sun ɗauki zafi kamar tanda. Abinci kuwa ba laifi. Furarsu ta fi tamu kauri, suna marmasa cuku da dabino a ciki, in ka sha kofi ɗaya ka gama da yunwa. Dambunsu zogale ya fi tsaki yawa. Burodinsu ne ban gane ba: dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa kamar ƙwarya, kuma tsirara ake ɗauko shi a hammata, ba leda ba takarda. Na gatsa sau ɗaya na ji dasashina ya amsa. Jikokin Gwaggo suka yi ta dariya, suka nuna mini yadda ake tsoma shi a shayi.

Washegari na shirya tun da sassafe. Gwaggo ta ce ba a shigowa gari a wuce mutane, sai mun gaisa da maƙwabta. Gida ɗaya ya zama biyar, kowane gida sai an kawo ruwa da fura, sai an sake ba da labarin ido daga farko. Ba mu isa asibitin ba sai azahar, muka tarar da ƙofa a rufe. Ashe su can in rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, ofis da kanti da asibitin ido duka, sai wajen la'asar a dawo. Da aka dawo kuma, maigadi ya ce na yau sun cika. Na kalli Gwaggo, na tuna ƙanwar ubana ce, na haɗiye abin da ke bakina. Kashegari ko karyawa ban bari an yi ba.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba, siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta ɗiga wa Bilkisu wani magani da ke buɗe ƙwayar ido, muka jira, sannan ta zaunar da ita gaban na'ura ta haska ciki. Ta daɗe tana dubawa. Ta duba na dama ma. Ta auna hawan jini, ta sa aka duba suga, duka lafiya. Sai ta ja kujera ta zauna daf da ita.

"Yaushe ya fara?"

Bilkisu ta faɗa mata. Likitar ta ɗan rufe ido, sannan ta ci gaba da tambaya.

"Kin taɓa haihuwa?"

"Ɓari dai na yi. Sau uku."

"Ƙafarki ko hannunki ya taɓa kumbura haka kawai?"

"Bayan ɓarin ƙarshe ƙafar nan ta kumbura. Aka shafa man zafi, ta saɓe."

"Akwai maganin da kike sha kullum?"

Bilkisu ta kalli ƙasa, don Nura yana tsaye. Shi ya amsa. Ya ce mai kemis ya ba ta ƙwayar hutun haihuwa, wai mahaifa ta huta kafin wani cikin.

"Ya tambaye ta labarin ƙafar kafin ya ba ta?"

"Bai tambaya ba."

Likitar ta ce Bilkisu ta ɗaga zane. Da ta ga ƙafar, ta taɓa ta, sai fuskarta ta canza. Ta tambayi yadda muka zo. Na ce a mota, daga Kano, mu huɗu a baya. Ta ce wani abu da Faransanci wanda ban ji ba, amma na san ba yabo ba ne.

Sannan ta yi mana bayani, a hankali, da Hausar da kowa zai gane. Ta ce a bayan ido akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri mai ɗaukar gani. Jini yana shiga ta wata jijiya, ya fita ta wata. Ta fitar ce ta toshe. Jini yana zuwa, ba hanyar wucewa, sai ya tsattsafo ya jiƙa wurin, ya kumbura shi. Shi ya sa daga waje ba a ganin komai.

"Wannan ciwon a tsofaffi muka saba ganinsa," in ji ta, "masu hawan jini ko suga. In na gan shi a mai shekarunta, kuma ba ta da ko ɗaya, to jini nake tuhuma. Wani nasa kauri yake yi fiye da kima. Wani sikila ce. Wani kuma nasa saurin daskarewa yake yi a cikin jijiya. Ita ga ɓari uku, ga ƙafa, ga ido. Ina zaton abu ɗaya ne yake yin duka. Ƙwayar nan kuma ƙara daskarar da jini take yi ga mai irin wannan jiki. Daga yau ta daina."

Nura ya ce, "Likita, idon zai dawo?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, an makara. Da a makon farko ne, da akwai abin da za a ceto da yawa. Yanzu abin da ke gabana shi ne ɗaya idon, da ƙafar nan. In gudan jini ya ɓalle daga ƙafa ya tafi huhu, ba maganar ido za mu yi ba."

Sai Bilkisu ta yi tambaya da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Likita, da an gane tun ɓarin farko, da 'ya'yana sun zauna?"

Likitar ta kama hannunta. "Rai na Allah ne, ƙanwata. Amma akwai allurar da ake yi wa masu irin wannan jinin in sun samu ciki, kuma da yawa suna haihuwa lafiya."

Bilkisu ba ta yi kuka ba. Ni ce na fita waje na yi. Shekaru ana kallon yarinyar nan kamar ita ke zubar da cikinta da gangan. An kai ta wajen mai rubutu, an kai ta wajen mai saiwa, an hana ta ɗaukar tulu, an hana ta cin wannan da wancan. Ta je awo, ta kwanta a asibiti bayan kowane ɓari, an wanke mata ciki an sallame ta. Ba a samu mutum ɗaya da ya haɗa ɓarin da ƙafar ya ce a duba jini ba. Tambayoyin da matar nan ta yi ba su ɗauki tsawon shan kofin shayi ba.

A ranar aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga gudan jinin, aka ba ta gado a babban asibitin garin, aka fara yi mata allurar tsinka jini. Zaman jinya a can kamar namu ne: dangi ke kawo abinci, masu jinya suna kwana a baranda. Bambancin da na gani, ba a sayar maka da magani sai da takardar likita, ko da ka yi rantsuwa. Da farko abin ya ba ni haushi. Daga baya na ce ina ma da haka ake yi a Rano.

Da ƙafar ta fara saɓewa, likitar idon ta zo duba ta. Na tambaye ta yaushe za a yi gwajin da zai tabbatar da irin ciwon jinin.

"Wannan gwajin ba ma yin sa a nan. Mu ma Kano muke aikawa."

Na ce, "Kano?"

"Kano. Zan kira wani likitan jini da na sani a can, ku je wurinsa kai tsaye."

Na ɗauko takarda na rubuta sunan likitan.

A dawowa Nura ya kama wa Bilkisu kujerar gaba ita kaɗai, kamar yadda likita ta ce, kuma duk bayan ɗan lokaci sai mun sa direba ya tsaya ta sauko ta taka. Fasinjoji suka yi ta gunaguni. Wani ya ce ai ba motar gidanmu ba ce. Na juya na ba shi labarin tun daga kemis har gadon asibiti, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ba wanda ya sake magana har Daura. Gwaggo ta cika mana jaka da cuku da kilishi da burodin nan guda biyu, wanda ya iso Kibiya ya zama itace.

Likitan jinin da aka haɗa mu da shi, a wane asibiti yake? A wanda muka fara zuwa. Ofishinsa yana bayan ginin da tagar nan take, in ka tsaya a layin kana hango ƙofarsa. Ya karɓe mu da mutunci, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aka ɗibi jini, aka sake ɗiba bayan wasu watanni don a tabbatar, duka biyun suka nuna abin da matar Damagaram ta zata: jinin Bilkisu yana ɗauke da wani abu da ke sa shi daskarewa. Aka ɗora ta a kan magani na kullum, aka ce duk ranar da ta ga alamar ciki ta zo a canza mata zuwa allura. Shi ya kai mu sashen ido da kansa, a ranar aka duba ta, aka yi mata allurai a cikin idon. Abin da ya dawo kaɗan ne. Tana ganin haske, tana ganin inuwar mutum, ba ta gane fuska. Na daman lafiya lau, alhamdu lillahi. Ta koma ɗinki, sai dai hular da take gamawa a da cikin mako yanzu tana kai ta wata.

Ranar da muka mayar da ita Lausu, gidan ya cika da 'yan sannu da zuwa. Uwar mijinta, Inna Dije, tana zaune a kan tabarma a tsakiyar mata. Ita ce ta fi kowa cewa akwai abin da ke shanye wa Bilkisu ciki, har ta taɓa cewa a gaban mutane ɗanta ya auro rariya. Nura ya yi mata bayanin duk abin da likitoci suka ce. Ta saurara, ta gyara ɗaurin kallabi.

"To ai shi jifan ta jini yake bi," in ji ta. "Su likitoci abin da suka gani suka faɗa. Wanda ya aiko shi fa?"

Mata suka gyaɗa kai. Na buɗe baki, Bilkisu ta danne mini hannu. Na tashi na yi sallama tun kafin a kawo abinci.

Bayan kamar mako biyu, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji sallama. Inna Dije ce, ita kaɗai, ta hau babur tun daga Lausu har Kibiya, matar da ko bikin dangi sai an roƙe ta. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Muka gaisa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi makaranta, ta yi maganar tsadar taki. Har na fara tunanin ko rasuwa aka yi. Can ta matso, ta rage murya.

"Hajara, wannan gwajin na jini. Ana yi wa wadda idonta lafiya lau?"

Na ce ana yi, Inna.

"'Yata Rabi da ke aure a Durba. Ɓarinta biyu. Ga shi yanzu wani cikin ya shiga, jiya kuma aka aiko mini ƙafarta ta kumbura." Ta kalli bakin zanenta. "Dangin mijin sun fara magana."

Maganganu sun taru a bakina, irin waɗanda na daɗe ina tanadi. Na so in tambaye ta wace irin magana dangin mijin suke yi, ko irin wadda na sani ce. Na so in tambaye ta wa ya jefi Rabi. Na dube ta, tsohuwa, ta zuba mini ido tana jira.

Na ce, "Inna, ba jira za a yi ba. Yau Rabi za ta kwana a Kano."

Na rufe garin da faifai, na shiga ɗaki na ɗauko mayafi.